Bidiyo na cijewa a tsohuwar destof ɗina, netwok ne ko injin ne ya gaji?

BabanIlham_Rogo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sanin kwamfuta ku taimaka min da shawara. Ina da destof Dell OptiPlex 780, ƙaramar nan da ake kwantarwa a tebur a ɗora monita a kai, baljiyam na saye ta tun 2014 kuma wallahi ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba, da ita na yi shekaru ina taifin da firintin a shago, yanzu na mayar da ita gida saboda yara. Core 2 Duo ce, ram 4 gig, Windows 7. To matsalar bidiyo ne. Ilham za ta rubuta WAEC bana, tana kallon darussan lissafi da kimistiri a YouTube, sai ka ji malamin yana ta bayani amma hannunsa ya tsaya cak a kan allo, can sai hoton ya yi tsalle ka ga ya riga ya cika allon da rubutu, yarinya ba ta ga ta inda aka bi aka samo amsar ba. Fankar ciki kuma ta dinga ƙugi. Na biyu, bidiyon bikin ƙanwata da aka kawo mana a fulash, shi ya ma fi muni, murya tana gaba hoto yana baya, Hajiyarmu ta zo takanas daga Gangare don ta gani, haka ta haƙura ta koma. Abin da ya ɗaure min kai shi ne tsofaffin bidiyon tafsiri da ke cikinta tun da daɗewa lafiya lau suke tafiya. Netwok ne, ko bairos, ko dai injin ne ya gaji? Gaskiya ba ni da halin sabuwa yanzu.

DanFarinGada:
Wa alaikumus salam. Oga netwok ne kawai, kwanan nan kowa kuka yake musamman da daddare. Canja layi ka gani.

Tanko_IT:
@DanFarinGada to bidiyon da ke fulash fa, wane netwok ya taɓa shi? Ka sake karanta abin da ya rubuta.

DanFarinGada:
Haka ne kuma, ban lura da wannan ba.

Sarkin_Waya:
Bairos ne Alhaji. Fulash ɗin nan da ke yawo hannu zuwa hannu a gidan biki babu abin da ba ya kwasowa. A yi mata fomatin a sa sabon Windows ta dawo garau.

MamanSadiq:
Don Allah kar ka yi saurin fomatin. Ni haka aka yi min, na kai tawa wani shago don tana silo, yaron bai tambaye ni komai ba ya goge ta tas, hotunan sunan 'ya'yana duka uku da na marigayi babanmu suka tafi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kuma bayan duk wannan bidiyon bai daina hukin ba. In ma za a yi, ka fara kwashe kayanka a wani wuri.

Injiniya_Dilimi:
Baban Ilham, barka da dare. Kafin ka kashe ko kwabo bari mu raba matsalar gida biyu, don alamominsu daban ne. In netwok ne, bidiyon zai tsaya gaba ɗaya, murya da hoto, ka ga zoben nan yana juyawa a tsakiya, in ya ɗan yi lodin ya ci gaba lafiya. In kuwa murya tana tafiya hoto ne yake daskarewa yana tsalle, to bidiyon ya iso gida, injin ne ya kasa tauna shi. Abin da ka kwatanta na biyun ne.
Ga gwaji guda uku, duk kyauta. Ka buɗe wannan darasin a wayarka da wannan datar ka ga ko yana tafiya. Sannan a destof ɗin, bidiyo na tafiya ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ka duba CPU, wato firosesa, ƙwaƙwalwar injin, kashi nawa cikin ɗari yake nunawa. Na uku, ka ɗora linzami a kan bidiyon YouTube ka danna ɓangaren dama, za ka ga Stats for nerds, ka buɗe ka faɗa mana abin da aka rubuta a gaban Codecs da Current Res da kuma firem nawa aka zubar, wato cikin hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo nawa injin ya tsallake.

BabanIlham_Rogo:
Na gode Injiniya, Allah ya saka. Na gwada yanzu. A waya lafiya lau yake tafiya, da hospot ɗaya. CPU kuma 100 yake nunawa baya sauka ko kaɗan sai na tsayar da bidiyon. A ɗayan wurin an rubuta 1920x1080, sannan vp09 da wasu lambobi, firem ɗin da aka zubar kuma sun kusa rabi.

Injiniya_Dilimi:
Yawwa, ka kama ɓarawon. Kwamfutarka ba ta canja ba, bidiyon duniya ne ya canja ya bar ta. Kowane bidiyo a matse yake, kamar kayan da aka ɗaure cikin dila, dole sai an kwance kafin a gani, kuma salon ɗaurin shi ake kira kodek. Lokacin da aka ƙera 780, wajen 2009, wanda ake yayi shi ne H.264 da waɗanda suka girme shi, su ne tsofaffin tafsiran nan naka, ga su ƙanana, shi ya sa suke tafiya sumul. YouTube yanzu ya fi turo VP9 da AV1, wannan vp09 da ka gani kenan. Su suna cin data kaɗan amma kwance su yana cin ƙarfin inji sosai.
Sababbin kwamfutoci da wayoyi akwai wani ɓangare na musamman a cikinsu da aikinsa kenan kwance bidiyo, firosesa yana hutawa. Wayarka tana da shi, shi ya sa take buga abin da destof ya kasa ko da ba ta kai shi girma ba. A wajen Intel, masu ƙera firosesa, sai daga zuriya ta 6 ta jerin su Core i3 da i5 aka samu mai kwance HEVC sosai, shi ma wani sabon kodek ne, VP9 cikakke zuriya ta 7, AV1 kuwa sai ta 11 a 2020. Taka Core 2 Duo ce, ta riga su Core i3 da i5 ma zuwa duniya, girafik ɗin da ke manne a bod ɗinta ba ya taimaka mata da waɗannan ko kaɗan, don haka duk kayan a kan firosesa mai kai biyu ake jibgawa. Ga 1080 ɗin nan ɗigo sama da miliyan 2 ne a kowane hoto, sau 30 a daƙiƙa ɗaya. Ina zai kai?

Ummi_Rikkos:
Kai Injiniya Allah ya ƙara basira, yau na gane dalilin da ya sa laftof ɗin yayana take haka alhali wayata ƴar ƙarama ba ta yi.

Tanko_IT:
Mafi sauƙi ka danna alamar giya a ƙasan bidiyon ka mayar da Quality 360 ko 480. An gama.

BabanIlham_Rogo:
Malam Tanko na tambayi Ilham, ashe ita ce take kai shi 1080 da kanta. Ta ce in ta sauke zuwa 360 rubutun allon baya karantuwa, ƙananan lambobin nan da ake rubutawa a saman x ba ta bambance 2 da 3. Kuma na duba gaskiyarta ne.

Mal_Gangare:
Yarinyar ta yi gaskiya. Ni malamin lissafi ne, darasi ba kamar fim ba ne da za ka ce in dai ana ganin mutane shi kenan. Alama ɗaya ta ɓace maka, amsa ta lalace. A nemo mata hanyar da za ta ga rubutu tar, kar a ce ta yi maneji.

Injiniya_Dilimi:
Malam ka yi daidai, kuma akwai tsakiya. Baban Ilham wane irin monita ne da kai?

BabanIlham_Rogo:
Dell ne shi ma, inci 17, mai kusurwa huɗu ɗin nan ba mai faɗi ba, da igiya mai shuɗin kai.

Injiniya_Dilimi:
To irin wannan yawanci 1280x1024 ne iyakarsa, ka ga ko ta sa 1080 monitan ba zai iya nuna shi duka ba, wahalar banza injin yake sha yana kwance abin da za a ƙanƙance daga baya. 720 faɗinsa 1280 ne cif, daidai da sikirin ɗinka, kuma aikinsa bai kai rabin na 1080 ba. Rubutu zai fito tar.
Sai abu na biyu. Akwai wani ɗan ekstenshan na burauza, h264ify, da ƙaninsa enhanced-h264ify, aikinsa ya hana YouTube turo VP9 da AV1 ya tilasta shi ya turo H.264. In ka sa shi ka koma Stats for nerds za ka ga avc1 maimakon vp09. A ciki akwai wurin da za ka toshe bidiyo mai firem 60, ka toshe shi ma don ninki biyu ne na aiki. Zai ɗan ƙara cin data, wannan kam sai ka sani.

DanFarinGada:
Ai datar ce matsalar Injiniya, mu da muke auna ta da cokali.

Ummi_Rikkos:
@DanFarinGada in darasi ne da za a maimaita sau biyar ai gara ma a samu wanda malamin ya bayar a sauke, a kalla ba tare da intanet ba. Mu a makaranta haka muke yi, mutum ɗaya ya samo a raba ta fulash. Kuma na lura bidiyo a VLC, manhajar nan ta buga bidiyo, ya fi tafiya daidai a kan cikin burauza.

Tanko_IT:
Gaskiya ne Ummi, burauza ita kanta kaya ce. Shafin YouTube na yanzu da hotunan gefe da sharhi da talla duk firosesa ne ke ɗauka. Baban Ilham ka tabbatar ba a buɗe shafuka goma a sama ba, ɗaya kawai. Kuma ka shiga saitin ɗin bidiyon ka kashe Ambient mode, hasken nan da ke zagaye bidiyo in an mayar da launin shafin baƙi, ba shi da amfani.

Shamsu_Linux:
Ni abin da ya fi damuna ba a taɓo shi ba. Windows 7 fa Microsoft ta daina kula da shi tun 14 ga Janairu 2020. Chrome ma ya tsaya a lamba 109 a kansa tun farkon 2023, baya ƙara sabuntawa. Kuma yarinya tana shiga intanet da shi kullum, wataƙila ma ana buɗe imel ko banki a ciki. Ka sa mata Linux Mint na Xfce a madadin Windows, mara nauyi ne, kyauta ne, burauzarsa sabuwa. Na sa wa tsofaffin injuna da yawa sun farfaɗo.

Sarkin_Waya:
Kai Shamsu kullum Linux. Mutum ya zo da ciwon kai ka ce a canja masa gida. Firintarsa fa, da CorelDraw ɗinsa?

Shamsu_Linux:
Ai ya ce ya mayar da ita gida don yara, ba shago take ba. Amma na yarda Linux ba zai ƙara wa firosesa ƙarfi ba, VP9 a 1080 zai ci gaba da wahalar da ita ko me aka sa. Maganar tsaro nake.

Tanko_IT:
In zai zauna a Windows 7 to aƙalla ya koma Firefox 115 ESR, shi ne na ƙarshe da ke hawa kansa, kuma ekstenshan ɗin da Injiniya ya faɗa yana nan a ciki. Masu cewa a sa Windows 10 su ma su sani shi ma an rufe nasa babin ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma a kan tsohon had disk da ram 4 zai fi 7 nauyi. Windows 11 kuwa ba a maganarsa, yana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin inji, da firosesa zuriya ta 8 zuwa sama.

Baba_Katako:
Yara duk kun tafi can sama. Ni tambaya ɗaya zan yi, Baban Ilham yaushe rabon da a buɗe cikin injin nan a kakkaɓe?

BabanIlham_Rogo:
Baba gaskiya tun da na saya ba a taɓa buɗewa ba.

Baba_Katako:
To ka ji. Shekara sama da goma, hunturu nawa ta ci a garin nan? Mutane suna ganin Jos akwai sanyi don haka inji baya zafi, ba su san ƙurar da iska ke kwasowa daga Disamba zuwa Fabrairu ba, ga ta shago a bakin titi. Ni na fi shekara ashirin ina gyaran rediyo da talabijin kafin na koma kwamfuta, in ka buɗe irin waɗannan ƙananan Dell ɗin za ka tarar ƙura ta dunƙule tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya kamar bargo, iska ba ta wucewa sam. Shi kuma firosesa in ya ji zafi ya yi yawa da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone. Wannan ƙugin fankar da ka ce kana ji, kukan neman iska ne. Ka cire wuta, ka fitar da ita tsakar gida, a hura da bulowa, amma ka riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta fiye da ƙima. Sannan man nan fari da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen, tamal fes, yanzu ya bushe ya zama kamar alli, a goge a sa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa. Kar a lafta.
In ka buɗe kuma ka duba kafasito, ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a bod, in ka ga wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa to ka faɗa min.

Injiniya_Dilimi:
Baba ya faɗi abin da na tsallake, Allah ya ƙara girma. Akwai ƙaramar manhaja Core Temp, ka sa kafin a kakkaɓe ka rubuta zafin da take nunawa lokacin bidiyo, bayan an kakkaɓe ka sake dubawa, za ka ga bambanci da idonka.

Hajiya_Rayfield:
Ni ban san komai a kan waɗannan ba amma maganar Hajiyarku ce ta taɓa ni. Tsofaffi ba sa jin daɗin kallo a waya, ido ya yi rauni, suna son su ga fuskokin dangi manya su dinga nuna wance ce wannan wane ne wancan. Ba za a iya sa fulash ɗin a talabijin ba? Mu haka muke yi.

BabanIlham_Rogo:
Hajiya mun gwada a talabijin ɗin gidanta, ta ƙi buɗewa ma sam, ta rubuta ba ta gane fayil ɗin ba.

MaiHoto_Terminus:
Bari in shigo nan don wannan sana'ata ce. Da me aka ɗauki bikin, kyamara ko waya? Sunan fayil ɗin ya ƙare da MOV?

BabanIlham_Rogo:
Eh MOV ne, IMG da lambobi. Ƙanin ango ne ya ɗauka da iPhone.

MaiHoto_Terminus:
Na sani. Tun 2017 da aka fito da iOS 11, iPhone yake ɗaukar bidiyo da HEVC, wato H.265, sai dai in mai wayar ya shiga saitin na kyamara wurin Formats ya zaɓi Most Compatible. Kuma samarin yanzu 4K suke sawa don a ce ya fito. 4K ninki huɗu ne na 1080, ɗigo sama da miliyan 8 a hoto ɗaya. Injin da ya kasa 1080 ka ba shi wannan, ai ko murya da ka ji ya yi ƙoƙari. Ka buɗe shi a VLC ka danna Ctrl da J za ka ga an rubuta HEVC da girman.
Wannan babu ekstenshan ɗin da zai gyara, kuma ko an kakkaɓe ƙura ba zai tafi ba. Juya shi za a yi zuwa MP4 na H.264 a 720 ko 1080. HandBrake, abin juya bidiyo, kyauta ne kuma shi muke amfani da shi, sai dai sabonsa baya hawa Windows 7, kuma ko ya hau, a Core 2 Duo bidiyon awa ɗaya zai iya kwana yana juyawa, wuta ta ɗauke a tsakiya ka koma farko. Ka nemi mai laftof mai ɗan ƙarfi ya yi maka. In an juya, talabijin ɗin Hajiya ma in sha Allahu za ta karɓa. Abu ɗaya, kar ka goge na asalin, ka ajiye shi, wata rana za ku samu abin da zai buga shi da kyansa.
Kullum ina faɗa wa masu biki, ku tambayi mai ɗauka a me za a kalla kafin ya fara. Sau nawa ake kawo min irin wannan, amarya ta tare wata uku uwarta ba ta ga bidiyon ba.

Ummi_Rikkos:
Wata dabara, in gajeru ne ƙanin angon ya turo su ta WhatsApp a matsayin bidiyo ba dokumen ba, WhatsApp da kansa yake matse su su zama ƙanana. Kyan zai ragu amma za su buɗe.

MaiHoto_Terminus:
Zai yi a guntaye, amma fuskokin da ke nesa za su dagule, kuma Hajiya fuskoki take son gani.

DanBukuru:
Ni shawarata a sa SSD, sabon nau'in ma'ajiyar nan mai sauri da ke maye gurbin had disk, a ƙara ram zuwa 8. Tawa HP ce tsararta, da na sa SSD kamar an canja ta, kafin ka zauna ta gama buɗewa.

Injiniya_Dilimi:
@DanBukuru SSD alheri ne, zai sa ta tashi da wuri, burauza ta buɗe da wuri, ban musa ba. Amma ka duba abin da ya faɗa a sama, CPU ne yake 100. Had disk ko mai juyawa ne yana iya miƙo bidiyo da gudun da ya fi ƙarfin buƙata, YouTube kansa megabit 5 kacal yake nema a daƙiƙa don 1080, 2.5 don 720. Wurin kwancewa ne ya cushe. In ya sayi SSD don bidiyo zai dawo nan ya ce an sa shi asara. Ram kuma ya fara dubawa ko Windows ɗinsa 32 bit ne, in shi ne ko 4 ɗin ma ba duka yake gani ba, uku da ɗoriya yake amfani da shi, ƙarin ba zai yi komai ba.

DanBukuru:
Na gane. Amma tawa bidiyon ma ya gyaru fa bayan SSD.

Tanko_IT:
Wataƙila naka had disk ɗin ne ya fara mutuwa, ko ram ya cika tana ta rubutu a disk. Ko kuma sabon Windows da aka sa ne ya zo da direban girafik daidai. Ciwon ba ɗaya ba ne.

Oga_Banex:
Ina gaisuwa daga Abuja, ni ɗan Nasarawa Gwong ne aiki ya kawo ni. In ana son injin nan ya buga komai ba tare da dabaru ba, girafik kad za a sa masa, wato kati na musamman mai ɗaukar aikin hoto da bidiyo. Amma a kula, kar a ce kowanne. GT 710 da ya cika kasuwa H.264 kawai yake taimakawa, baya kwance VP9 ko HEVC. GT 1030 shi ne yake yin duka biyun, ya fito 2017, wat 30 yake ci, baya neman wata igiyar wuta daban. AV1 ne kawai baya yi. Tunda taka ƙaramar ce dole ka nemi gajere da guntun ƙarfen baya, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Kuma yawancinsu babu ramin VGA, monitanka mai shuɗin kai zai buƙaci abin juyawa daga HDMI.

Baba_Katako:
Oga ka manta fawa fak ɗin, wato abin da ke raba wa injin wuta. Na ƙananan nan ba shi da ƙarfi tun yana sabo balle ya shekara goma sha. Ga wutar unguwanninmu da ke zuwa rabi-rabi, ƙwan fitila ma ja yake yi. Ka ƙara masa kaya ba sitabilaiza, wata rana ka ji ƙauri.

Oga_Banex:
Gaskiya ne Baba. Kuma in na faɗi tsakani da Allah, kuɗin kad ɗin da na abin juyawa in ka ɗan ƙara a kai za ka iya samun baljiyam mai Core i5 zuriya ta 7, irin su OptiPlex 3050 ko 7050, ita da kanta take kwance VP9 da HEVC ba kad, ga ta ba ta shan wuta kamar tsohuwar. Monita da kibod ɗinsa duk zai ci gaba da amfani da su, sai dai ya duba ko tana da ramin VGA don ba duka ke zuwa da shi ba.

MamanSadiq:
Mutumin nan fa ya ce ba shi da hali yanzu. Ga kuɗin jarrabawa ga na makaranta ga abinci. Ku bar shi ya fara da na kyautar.

Sarkin_Waya:
To ni ban ga abin wahala ba, tunda waya tana bugawa lafiya a ba yarinyar waya ta yi karatunta mana.

BabanIlham_Rogo:
Sarki da gangan na ƙi. Destof ɗin a falo yake, duk mai wucewa yana ganin abin da ke sikirin, ƙannenta ma suna zama su kalla tare. In na miƙa mata waya ta shiga ɗaki, ni ban san darasi ake ba ko hira, kuma ba wai ban yarda da ita ba ne, shekarun ne. Sannan tana kallo tana rubutu a littafi, babban allo ya fi mata.

Mal_Gangare:
Allah ya yi maka albarka, wannan tunanin uba ne. Da tsohuwar zuma ake magani, a gyara mata wannan ɗin.

Hajiya_Rayfield:
Amin. Allah ya ba ta sa'a, ya sa a ga sakamako mai kyau.

BabanIlham_Rogo:
Salam jama'a, na dawo da bayani bayan kwana biyu. Jiya Asabar na fitar da ita tsakar gida, wallahi Baba kamar kana gani, ƙurar da ta fito sai da maƙwabcina ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Tamal fes ban samu ba tukun, sai Litinin in na shiga Ahmadu Bello Way. Kafasito ban ga mai kumburi ba amma ban tabbata na iya dubawa ba, zan turo hoto. Ƙugin fankar ya ragu sosai. Na sa Firefox ɗin da ekstenshan, yanzu avc1 yake nunawa, a 720 CPU yana yawo tsakanin 50 da 70, Ilham ta kalli darasi guda na minti arba'in hannun malamin bai tsaya ba sai sau ɗaya ko biyu lokacin da talla ta shigo. Ta ce rubutun yana karantuwa. Windows ɗin kuma 32 bit ne kamar yadda Injiniya ya yi zato. Bidiyon biki yana nan yadda yake, VLC ya rubuta HEVC 3840x2160. Na ba wani yaron maƙwabtanmu mai laftof, ya fara juyawa cajinsa ya ƙare ba wuta, sai yau zai sake.

Shamsu_Linux:
Alhamdulillah. Amma maganar Windows 7 tana nan fa, kar a buɗe banki a ciki.

DanBukuru:
Ni dai har yanzu ina ganin in ya samu sarari ya sa SSD, had disk na shekara goma sha ba abin yarda ba ne, ko don hotunan da ke ciki.

MaiHoto_Terminus:
Ka ce wa yaron ya zaɓi Fast 720p30 a HandBrake, zai fi saurin gamawa kafin caji ya ƙare. In ya fito launin ya ɗan koɗe kamar an wanke, ka faɗa min, wasu iPhone ɗin da HDR suke ɗauka, wani salo na haske da launi, akwai inda ake gyarawa.

Ummi_Rikkos:
Injiniya don Allah ni ma na duba ta yayana, tata av01 take nunawa ba vp09 ba, kuma Core i3 ce ba Core 2 ba. Ekstenshan ɗin nan zai yi mata ko sai wani abu daban?

Injiniya_Dilimi:
Zai yi Ummi, ki tabbatar kin sa alama a Block AV1 da Block VP9 duka. Amma faɗa min i3 ɗin lamba nawa ne a gabansa, don in zuriya ta 7 ce zuwa sama AV1 kawai za ki toshe ki bar VP9, datarki za ta fi auki.